Kiɗan Na'ura da 'Yancin 'Ya Mace: Abin da Kunne Ya Ji a Wani Majigin Faransa



Muna godiya ƙwarai da wannan dama da aka ba mu ta tsayawa a gabanku yau da daddare. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To amma a wannan zama muna roƙon a ba mu aron kunne, domin abin da muka zo da shi magana ce a kan wani majigi wanda in mutum ya kalle shi da ido kaɗai, to rabin labarin ya wuce shi. Sunan majigin Bande de filles, watau Gungun 'Yan Mata. Wata Bafaranshiya mai suna Céline Sciamma ita ce ta rubuta labarin, ita ce kuma ta ba da umarni. An fara nuna shi a bikin majigi na garin Cannes a watan Mayu na shekarar 2014, sa'an nan ya shiga gidajen silima na ƙasar Faransa a watan Oktoba na wannan shekarar. Wanda ya tsara kiɗan shi ne Jean-Baptiste de Laubier, wanda masu sayen faifai suka fi sani da suna Para One.

Za mu kasa jawabinmu kashi huɗu. Da farko za mu ba da labarin a taƙaice, saboda waɗanda ba su gan shi ba. Na biyu, za mu yi bayanin mene ne kiɗan na'ura da inda ya samo asali. Na uku, za mu duba aikin da kiɗan ya yi a cikin labarin. Daga ƙarshe mu kawo sukar da aka yi wa majigin, mu kuma faɗi namu ra'ayin.

Yarinyar da labarin ya ginu a kanta sunanta Marieme, 'yar shekara 16, baƙar fata, tana zaune a ɗaya daga cikin unguwannin bayan birnin Paris. Irin waɗannan unguwanni gwamnatin Faransa ce ta gina su bayan yaƙin duniya na biyu, musamman daga wajen shekarar 1955 zuwa farkon shekarun 1970, dogayen benaye ne na siminti da aka jera domin ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi. Da tafiya ta yi tafiya, sai suka zama mazaunin baƙi da yawa daga Afirka ta Arewa da Afirka ta Yamma, su da 'ya'yansu da aka haifa a can. An ɗauki wani sashe na majigin a Bagnolet da Bobigny, waɗanda ke cikin lardin Seine-Saint-Denis, lardin nan da tarzomar matasa ta shekarar 2005 ta fara tashi a cikinsa.

A gidan su Marieme ba a ganin uba. Uwar aikin shara da goge-goge take yi, kullum tana wajen aiki, saboda haka Marieme ce ke kula da ƙannenta mata biyu. Mai iko da gidan shi ne wanta Djibril, kuma da duka yake gudanar da ikonsa. A makaranta aka gaya mata cewa makinta bai kai ta wuce babbar sakandare ba, sai dai ta shiga makarantar koyon sana'a. Ta roƙa, aka ƙi. Tana fitowa daga wannan ofis sai ta gamu da wasu 'yan mata uku, Lady da Adiatou da Fily, suka ja ta cikinsu. Daga nan ta kwance kitso ta sa dogon gashi, ta sauya tufafi, ta koyi faɗa da ƙwace, aka kuma raɗa mata sabon suna, Vic, wanda aka gutsuro daga kalmar da ke nufin nasara a Faransanci. Tana son wani yaro mai suna Ismaël, abokin wanta. Da Djibril ya ji abin da ya shiga tsakaninsu sai ya yi mata mugun duka. Ta bar gida, ta shiga yi wa wani dillalin ƙwaya aike. Da ta ga shi ma so yake ya mallake ta, sai ta rabu da shi. Ismaël ya ce zai aure ta ya wanke mata suna, ta ƙi. A ƙarshe ta komo ƙofar benensu, ta danna ƙararrawa, aka buɗe mata, amma ba ta shiga ba. Nan labarin ya tsaya.

To, jama'a, mu ajiye labarin tukuna, mu juya ga kiɗa.

Duk kayan kiɗan da muka tashi muka sani, da wani abu ne da ke karkarwa a cikinsu. Fatar ganga tana karkarwa in an buga, tsirkiyar goge tana karkarwa in an goga, iska kuma tana karkarwa a cikin sarewa. A kiɗan na'ura wutar lantarki ce ke yin wannan karkarwa. Akwai wani akwati mai madannai kamar na molon Turawa, ana kiransa sintesaiza. A cikinsa akwai wani sashe mai haifar da igiyar lantarki wadda ke kai da komowa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, in aka tura ta cikin lasifika sai ta zama sauti. Akwai sashe na biyu mai tace sautin, ya dusashe shi ko ya ƙara masa kaifi. Akwai na uku mai tsara yadda sautin zai taso da yadda zai mutu. Har ila yau akwai wata na'ura da ake ba ta 'yan sautuka kaɗan, ta yi ta maimaita su bi da bi, ba gajiya, ba kuskure, har sai an kashe ta. Wanda ya taɓa sauraron kuntigi ya san daɗin gajeren kiɗa mai komowa kan kansa. Bambancin shi ne, hannun makaɗi yana gajiya, yana kuma ɗan gaggawa ko jinkiri, ita kuwa na'ura ba ruwanta da wannan.

Faransawa suna da daɗaɗɗen hannu a wannan fanni. A shekarar 1948 wani injiniya na gidan rediyon Faransa mai suna Pierre Schaeffer ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a faifai, ya yayyanka, ya harhaɗa, ya ce wannan ma kiɗa ne. A Amurka kuma Robert Moog ya ƙera sintesaizarsa a shekarun 1960, ya fito da ƙarama mai sauƙin ɗauka a 1970. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi karatu a wajen Schaeffer, watau Jean-Michel Jarre, ya fito da faifansa Oxygène a 1976, aka saye shi miliyoyi a duniya. A 1977 Giorgio Moroder ya tsara wa Donna Summer waƙar rawa wadda kusan duk kiɗanta na na'ura ne, kuma shi ne ya ci kyautar Oscar saboda kiɗan majigin Midnight Express na 1978. Daga nan ƙofa ta buɗe tsakanin kiɗan na'ura da majigi. A shekarun 1990 wasu samarin Faransa, irin su Daft Punk da Air, suka sake ɗaga sunan ƙasarsu a wannan fage. Kada kuma mu ɗauka abin ya tsaya a Turai. A Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya yi faifan kaset na kiɗan na'ura tun a 1978, da wani molon lantarki, kuma gidajen rediyo da talabijin na ƙasar sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri.

Kiɗan da ke cikin majiginmu daga wannan zuriya ya fito, amma an gauraya shi da sassauƙan salon waƙoƙin zamani waɗanda matasa ke ji a rediyo suna bi. Para One, wanda aka haifa a 1979, ya fara suna ne a matsayin mai tsara wa wata ƙungiyar mawaƙan gambarar zamani mai suna TTC kiɗa. Ya yi karatu a makarantar koyon shirya majigi ta La Fémis da ke Paris, inda ya san Céline Sciamma. Shi ya yi mata kiɗan majiginta na farko, Naissance des pieuvres, a 2007. Watau dai mutum ne da ya san ɗakin rawa, ya kuma san ɗakin tace hoto, kuma wannan ya bayyana a aikinsa.

Yanzu mu zo ga kashi na uku, wanda shi ne zuciyar maganarmu. Wurare huɗu muke so mu tsaya a kansu.

Wuri na farko shi ne buɗewar majigin. Dare ne, fitilu sun haske fili, wasu 'yan wasa sanye da hulunan kwano suna buga ƙwallon nan ta Amurka mai ture-ture da kokawa. Ana jin wani kiɗan na'ura mai nauyi, mai bugu kamar guduma, na wata ƙungiya daga birnin New York mai suna Light Asylum, da muryar mawaƙiyarsu Shannon Funchess, murya mai kauri wadda mai sauraro zai iya ɗauka ta namiji ce. Sai da aka tuɓe hulunan muka ga ashe duk 'yan mata ne. Suka kama hanyar gida cikin ayari, suna surutu da shewa, kowa na magana ba mai jin wani. Suna isowa bakin unguwa, inda samari ke zazzaune a kan dakali, sai kawai suka yi tsit. Kowace ta sunkuyar da kai, aka rarrabu ɗaya bayan ɗaya, har Marieme ta rage ita kaɗai. Ba wanda ya yi bayani, ba wanda ya yi barazana. Kunnenmu ne ya gaya mana dokar unguwar: a fili 'yan mata suna da murya, a ƙofar gida ba su da ita. Daga wannan lokaci mai kallo ya fahimci cewa a wannan majigi ƙara da shiru su ne ma'aunin 'yanci.

Wuri na biyu shi ne tsakanin babi da babi. An raba labarin zango-zango, kuma duk lokacin da Marieme ta yanke wata babbar shawara sai allo ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, ba abin da ya rage sai kiɗa. A karo na farko tana tsaye a madafa tana wanke-wanke, ta ɗauki wata 'yar wuƙa ta sa a aljihu, ta miƙe tsaye sosai, ta ba mu baya. Kiɗan Para One ya taso, 'yan sautuka kaɗan masu maimaita kansu, suna ƙara cika kunne. Allo ya yi duhu. Da haske ya komo sai muka tarar da wata yarinya dabam, da wani gashi da wata tafiya. Sciamma ta bayyana cewa da gangan suka shirya haka ita da makaɗin: kiɗa guda ne zai riƙa komowa, amma kowane karo ya fi na baya tsawo da cika, yana girma tare da yarinyar.

Mu lura da hikimar da ke nan. Marieme yarinya ce mai ƙarancin magana. Ba ta da wanda za ta zauna ta faɗa wa abin da ke ranta, kuma ba a sa mata wata murya daga bayan fage mai yi mana fassarar zuciyarta ba. Kiɗan ne ya ɗauki wannan aiki. Da an sa mata goge mai ban tausayi, da mun riƙa kallonta a matsayin abar tausayi. Da an sa mata gambarar zamani mai zafi, kamar yadda aka saba yi a majigan da suka shafi waɗannan unguwanni tun daga La Haine na 1995, da mun ce ai labarin 'yan iskan gari ne, mun san shi. Maimakon haka aka ba ta kiɗa mai faɗi, mai ɗaukaka, irin wanda ake yi wa jarumi in zai fita fagen fama. Kiɗan yana cewa shawarar wannan yarinya a gaban kwanukan wanke-wanke babban al'amari ne, ya cancanci a tsaya a saurara.

Amma akwai wani abu kuma a cikin wannan kiɗa wanda ya kamata mu kula da shi. Kiɗa ne mai kewaye. Yana hawa kamar zai kai wani wuri, sai ya komo inda ya faro, ya sake hawa. Haka rayuwar Marieme take. Ta guje wa ikon makaranta ta shiga ikon ƙungiya. Ta guje wa ikon wanta ta faɗa hannun dillali. Kowane sabon babi da sabuwar shiga yake zuwa, amma bangon bai gusa ba. Akwai wurin da ta kama ƙanwarta a cikin wasu yara suna ƙwace, ta kwaɗa mata mari, yarinyar ta dube ta ta ce ai ta zama kamar wansu. Kiɗan da ke ɗaga ta shi ne kuma ke nuna mana cewa zagaye take yi.

Wuri na uku shi ne wanda ya fi kowane shahara. 'Yan matan huɗu sun tara kuɗi, har da wanda Marieme ta ƙwata a hannun wata 'yar makaranta, suka kama ɗaki a otal na dare ɗaya. Suka sa rigunan da suka sato daga kanti, waɗanda har yanzu maƙallan hana sata ke liƙe a jikinsu. Mai ɗaukar hoto, Crystel Fournier, ta cika ɗakin da shuɗin haske. Sai aka sa waƙar Diamonds, watau Lu'ulu'u, ta Rihanna, mawaƙiyar nan 'yar tsibirin Barbados, wadda ta fito a 2012. Lady ta fara motsa baki tana bin waƙar, sauran biyun suka shigo suna rawa. Marieme tana kwance a kan gado tana kallonsu, fuskarta cike da sha'awa, sa'an nan ta tashi ta shiga cikinsu. An bar waƙar ta yi tafiyarta kusan gaba ɗaya, abin da ba safai ake yi ba a majigi. Can wajen ƙarshe sai muryoyinsu na gaskiya suka fito, suna rerawa da ƙarfi a kan muryar mawaƙiyar.

An ɗauki wannan wuri ne tun ba a tabbatar za a sami izinin amfani da waƙar ba, kuma Sciamma ta faɗa cewa sai da ɓangaren mawaƙiyar suka ga hoton kana suka amince. Wannan ya nuna mana yadda mai majigin ta ɗauki wurin da muhimmanci, tun da ta yarda ta yi kasada a kansa.

Me ya sa wannan wuri ke taɓa zuciyar masu kallo? A ganinmu, dalili biyu ne, kuma suna ja-in-ja da juna. Na farko, farin cikin na gaskiya ne. Wannan ne karo na farko da muka ga Marieme a ɗakin da ba namiji mai tsawa, ba malami mai auna ta, ba mai kanti mai bin ta da ido. Tsintsiya ce mai maɗauri ɗaya, kuma ita ma ta shiga ɗaurin. Na biyu kuwa, duk abin da ke ɗakin na aro ne. Ɗakin na haya ne, gobe da safe za a karɓe mabuɗi. Rigunan na sata ne. Harshen waƙar ba nasu ba ne, muryar ma ta wata ce, daga wata nahiya, kuma haja ce da kamfani ke sayarwa. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Majigin bai ɓoye ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ya bar mu mu ji daɗin, ya kuma bar maƙallan hana sata a inda ido zai gan su. Amma fa mu tuna da waɗannan muryoyi da suka fito a ƙarshe. Waƙar ta aro ce, numfashin da suka rera ta da shi nasu ne.

Wuri na huɗu shi ne rufewa. Marieme ta juya daga ƙofar da aka buɗe mata, ta tsaya tana kuka. Na'urar ɗaukar hoto ta wuce ta, ta bar ta a gefe, muka rage muna kallon bishiyoyi da benaye dishi-dishi, kamar labari ya ƙare an manta da ita. Sai ga ta ta sake shigowa cikin hoton, ta share hawaye, fuska a ɗaure, ta dubi gabanta, ta fice. Ba a gaya mana inda ta nufa ba. Ba ta da takardar shaida, ba ta da aiki, ba ta da wurin kwana. Abin da ta mallaka kawai shi ne jerin abubuwan da ta ƙi: ta ƙi aikin shara da uwarta ta nemo mata, ta ƙi bulalar wanta, ta ƙi dillali, ta ƙi auren rufin asiri.

To a nan ne tambaya take, kuma ba mu zo da amsa a aljihu ba. Shin wanda duk abin da ya iya shi ne ya ce a'a, za a ce ya sami 'yanci? Wani zai ce i, domin a'a ita ce tsanin farko, wanda bai iya faɗinta ba ba shi da i ta kansa. Wani kuma zai ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma yarinyar da ta fita titi hannu rabbana ba ta tsira ba tukuna. Namu ra'ayin shi ne, kiɗan ya fi labarin kyakkyawan zato. Labarin ya nuna ƙofofi a rufe, kiɗan kuwa ya ci gaba da hawa. Mai kallo yana fita daga silima da ƙarfin zuciya, alhali in ya zauna ya yi lissafi zai ga yarinyar ba ta da kome. Wannan shi ne ƙarfin kiɗa a majigi, shi ne kuma haɗarinsa, domin yana iya sa mu tafa wa abin da ya kamata mu yi fushi a kansa.

Wannan ya kawo mu ga kashi na ƙarshe, watau suka. Mutane da yawa sun yaba wa majigin saboda ya sa 'yan mata baƙar fata huɗu a gaba, abin da ba a saba gani ba a siliman Faransa. Ba ƙwararrun 'yan wasa ba ne, a tituna da wuraren taruwar jama'a aka zaƙulo su. Karidja Touré, wadda ta fito a matsayin Marieme, a wani filin wasannin shekara-shekara na Paris aka gan ta. Amma wasu, musamman daga cikin baƙaƙen Faransa, sun yi ƙorafi. Suka ce Sciamma Baturiya ce, Para One Bature ne, kuma da suka tashi ba da labarin baƙaƙe sai suka komo kan abin da aka saba: sata, faɗa, ƙwaya, da mugun wa. Ina ɗalibar jami'a? Ina ma'aikaciyar asibiti? Wannan suka tana da tushe, kuma ta shafi kiɗan ma. Mai sauraro yana da damar ya tambaya ko wannan kiɗa mai sanyi da faɗi daga cikin zuciyar Marieme ya fito, ko kuwa daga idon wanda ya tsaya daga nesa yana sha'awarta.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ba mu ɗan haske. A shekarar 2018 'yan wasa mata baƙar fata 16, a ƙarƙashin jagorancin Aïssa Maïga, suka buga wani littafi mai suna Noire n'est pas mon métier, wanda ma'anarsa ita ce zama baƙa ba sana'ata ba ce. A ciki kowace ta ba da labarin wariyar da ta gamu da ita a harkar majigin Faransa. Karidja Touré da Assa Sylla, wadda ta fito a matsayin Lady, suna cikinsu. A watan Mayu na wannan shekarar suka hau matakalan bikin Cannes tare, suna rawa, kuma waƙar da aka sa musu ita ce Diamonds. Watau waƙar da aka rera a ɓoye a ɗakin haya ta fito fili, wannan karo kuma da littafin da suka rubuta da hannunsu.

Akwai wani abu kuma da ya dace a ambata. A bikin kyautar César na 2015, wadda ita ce babbar kyautar majigi a Faransa, an sa kiɗan Para One a cikin waɗanda ke takara. Bai ci ba. Wanda ya ci shi ne Amine Bouhafa, saboda kiɗan majigin Timbuktu na Abderrahmane Sissako, ɗan ƙasar Muritaniya. Wannan majigi labarin gari ne da 'yan bindiga suka haramta kiɗa a cikinsa, kuma a ciki akwai wata mace da aka yi wa bulala saboda ta yi waƙa, ana dukanta tana rerawa. Majigai biyu ke nan a shekara guda, ɗaya a bakin Sahara, ɗaya a bayan Paris, kuma dukansu sun ɗora muryar mace a kan ma'auni.

Kafin mu zauna, muna da 'yar magana ga kowane ɓangare na wannan zaure. Ga 'yan'uwa ɗalibai, muna ba da shawara cewa in kun sake shiga kallon majigi, kowane iri ne, ku riƙa tambayar kanku wa aka yi wa kiɗa, wa kuma aka bari a shiru, da kuma abin da kiɗan ke so ku ji wanda hoton bai nuna ba. Ga 'yan'uwa ma'aikata kuwa, muna tuna muku da wuri guda a majigin da ba mu yi dogon bayani a kansa ba. Sa'ad da Marieme ke zaune a ofis ana gaya mata ba za ta wuce ba, ba a nuna fuskar mai maganar ba ko sau ɗaya. Murya ce kawai daga gefe, mai ladabi, mai bin ƙa'ida, ba ta zagi kowa ba. An tambayi yarinyar ko akwai wata matsala, ta kasa faɗi, aka rufe fayil. Babu kiɗa a wannan wuri. Da yawa daga cikinmu gobe mu ne za mu zauna a bayan irin wannan tebur, kuma wanda ke gabanmu ba zai zo da makaɗi mai fassara mana zuciyarsa ba. Sai dai mu yi haƙuri mu saurara.

Shugaba, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Kurakuran da ke cikin wannan jawabi namu ne, muna kuma maraba da gyara.